Girar Hagun Sarauniya

Kafin Masuda mai awara ya sauke tukunyarsa ta farko, Tokie Nagumo ta riga ta ɗaga labulen tagarta ta gabas. Shekara hamsin da biyar ke nan haka take yi a layinmu na bayan tasha, a nan Iwatsuki. Ba ta fara shan shayi. Takan wanke hannu da ruwan sanyi, ta ɗaura farin ƙyalle a ka don kada silin gashi ya faɗa mata cikin kwano, ta ɗora danƙon fata a kan wuta kaɗan-kaɗan, sannan ta zauna tana murza garin ƙumbar teku da yatsa a cikinsa har ya koma kamar madara. A gabanta akwai damin karan shinkafa da aka soke da kawuna, kowanne a kan tsinkensa, kowanne bai wuce ƙwan kaza ba, farare fat, ba ido ba baki. Su ne kawunan 'yan tsanan hina, sarki da sarauniya da muke jerawa a kan matakala mai jan ƙyalle duk uku ga watan Maris saboda 'ya'yanmu mata.

Ta shafa farin, ta jira ya bushe. Ta goge, ta sake shafawa, ta sake jira. Idanun gilashi suna binne a ƙarƙashin farin, da 'yar siririyar wuƙa take buɗe su, kuma wuƙar nan ba ta da damar kuskure ko sau ɗaya. Sai a ƙarshe ta ɗauki burushin da bakinsa bai kai allura kauri ba, ta ja gira sili-sili, ta ɗiga jan baki. Daga nan a kai wa mai dasa gashi, a kai wa mai ɗinka tufafi, a sa a akwati. A jikin akwatin sunan shago ake bugawa. Sunan Tokie ba ya ko'ina.

Ni Genzo Kurihara, tsohon direban babbar mota. Shekara arba'in na yi ina kwasar akwatunan nan daga garinmu zuwa kowane lungu na ƙasar nan. Makaranta ban wuce ta dole ba, amma hanya ta karantar da ni mutane. Na san rusunawar da take fitowa daga zuciya, na san wadda daga ƙugu kawai take. Ba ni da saurin yabo, waɗanda suka yi aiki da ni sun sani. Da ƙungiyar unguwa ta ce a samu wanda zai rubuta wani abu a kan ajiye aikin Tokie-san, kamar yadda muke kiranta don girmamawa, ni na ɗaga hannu, don akwai abin da na sani wanda bai kamata in tafi da shi kabari ba.

Amma bari in fara da abin da wasu suka gani, kada a ce bakina kaɗai ne.

Masuda ya ce shekarar da kogi ya shigo gidajen ƙasa-ƙasa, wani magidanci ya kawo wa Tokie akwatin 'yan tsana guda yana ɗigar laka, 'yarsa na biye da shi tana kuka. Mutumin ya ce a ba shi bokiti ya taimaka da wanki. Tokie ta tare ƙofa da jikinta. "Ruwan da ya ci su bai ishe ka ba? Ajiye ka tafi. Laka ba a yi mata gaggawa." Ta jera su a inuwa kwana goma sha biyu ba ta taɓa su ba, sai da lakar ta bushe ta fara tsagewa da kanta, sannan ta bi ta da busasshen burushi, ƙwaya-ƙwaya. Yarinyar nan yau tana da nata 'ya'yan, kuma sarki da sarauniyar suna hawa matakala a gidanta duk shekara.

Mai kula da wurin bauta na kan tudu shi ma ya ba ni nasa. Kun san a wurinsa ake kai 'yan tsanan da suka gama aikinsu, a yi musu addu'ar godiya a ƙone su, don abin da ya ɗauki ciwo da masifa a madadin yarinya ba a jefa shi a shara. Wata mata da 'yarta ta rasu tana da shekara shida ta ɗauko 'yan tsanan yarinyar za ta kai. A hanya ta tsaya a ƙofar Tokie, ta ce gashin sarauniya ya yamutse, tana jin kunyar kai ta haka. Wanda za a ƙone nan da awa biyu, wa zai ɓata lokaci a kansa? Tokie ta ture aikin shago gefe, ta taje gashin nan kamar gobe ne bikin, ta gyara wuyan riga, ta rufe fuskar da farar takarda. Sannan ta shiga ciki ta sako baƙaƙen kaya, ta bi bayan matar har kan tudu. Ba ta san ta ba. Ba ta ma tambayi sunanta ba.

To, ga nawa.

Matata Kazue ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a ƙarshen watan Fabrairu. Wanda ya san sana'armu ya san watan nan ba na zama ba ne. Likita ya ce mini in tsaya kusa. Na ce kaya ɗaya ne ya rage, in kai arewa in dawo. Ina can ina sauke 'yan tsanan 'ya'yan wasu, 'yata Minori ita kaɗai ce a gefen gadon uwarta. Da na iso, Minori ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Bayan an gama jana'iza ta koma Sendai inda take aiki, daga nan sai katin sabuwar shekara mai layi ɗaya. Aurenta ma a kati na ji shi.

Kafin ta kwanta asibiti, Kazue ta riga ta jera 'yan tsanan Minori a ɗaki kamar yadda take yi duk shekara, ko bayan yarinyar ta girma ta bar gida. Ni na kwashe su. Ranar ana ruwa. Na shekara arba'in ina ɗaukar kayan nan, amma ban taɓa tsayawa na ga yadda mata suke ajiye su ba: sai ranar da rana ta fito sarai, a kaɗe ƙura, a naɗe kowace fuska da takarda. Ni tura su na yi cikin akwati da danshinsu, fuska a buɗe, na cusa a can ƙuryar ma'ajiya don kada in riƙa ganinsu.

A farkon Fabrairun bana waya ta yi ƙara. Minori ce. Ta haifi 'ya mace tun kaka, sunanta Koharu.

"Zan zo ranar uku ga wata," in ji ta. "Bikinta na farko ne. Ina so ta ga sarauniyar da Mama ta zaɓa mini. In dai tana nan."

"Tana nan mana. Ina za ta?"

"Wuni ɗaya zan yi, Baba."

Na sauko da akwatin. Sarki lafiya lau, sai ɗan wari. Sarauniya kuwa fumfuna ta yi mata baƙin tabo daga kunci har goshi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ba ma rashin sani ba ne, ruɗewa ce. Na jiƙa tawul a ruwan ɗumi na goga. Sau biyu kawai. Da na ɗaga tawul ɗin, rabin fuskar yana jikinsa. Girar hagu ta tafi, kuncin ya narke, garin katakon da ke ciki ya leƙo, ido ɗaya na gilashi yana kallona tsirara.

Tokie kuwa ta riga ta sanar tun sabuwar shekara cewa ta ajiye aiki. Hannunta na dama ya fara rawa, kowa a layin ya ga yadda kofin shayi yake kaɗawa a hannunta. Burusanta ma ta wanke su ta naɗe a takarda, tana jiran ranar da za ta kai su wurin bauta a yi musu sallama. Duk da haka na naɗe kan a ƙyalle na je, don ba ni da wata ƙofar.

Ta buɗe ƙyallen, ta daɗe tana kallo.

"Gen-san, da me ka wanke ta? Da tiyon wanke mota?"

"Tawul ne."

"Tawul. Shekara arba'in kana karanta 'a kiyaye danshi' a jikin akwati, ashe hoton kawai kake kallo."

Sai wayon hanya ya motsa mini. Kan 'yar tsana ai a tsinke yake, zare shi ake yi daga wuya. Na nuna damin da ke bayanta, inda sauran gamammun kawuna guda biyar suke. Na ce ta ba ni ɗaya mu soka, magana ta ƙare. "Duk fari ne da baƙar gira. Minori ba za ta gane ba."

"Kai ne ba za ka gane ba," in ji Tokie. "Kai daga sama kake kallonsu, kana tsaye da makullin mota a hannu. Ita daga ƙasa ta kalli fuskar nan, tana kwance a tabarma, tun ba ta iya zama ba. Wannan ce ta ɗauki ƙyandarta, wannan ce ta ɗauki tarin da ya kusa tafiya da ita tana aji biyu. Ka soka mata baƙuwa a wuya, ka ce ga sarauniyarki?"

"To hannunki fa?"

"Hannuna ba naka ba ne, bar mini damuwarsa." Ta juya kan a hasken taga. "Ka san wace ce wannan?"

Ban sani ba. Ta gaya mini. Shekara goma sha bakwai ta yi a wurin ubangidanta tana shafa fari da gogewa kawai, don a zamanin ba a miƙa wa mace burushin fuska da wuri. Ranar da ya miƙa mata, fuskar farko da ta ja, girar hagu ta ɗara ta dama tsawo da kamar kaurin zare biyu. Tsohon ya duba, ya soke kan a damin waɗanda za a fasa. Da yamma Kazue ta shigo da mahaifinta, don iyayen uwa ne suke kawo wa jika 'yan tsana, tana goye da Minori 'yar wata huɗu. Aka jera mata kyawawa. Ta wuce su duka ta tsaya a kan damin fasawa, ta ce, "Wannan nake so. Kamar tana sauraron mutum." Ubangidan ya ce ba ta sayarwa ba ce, mai aibi ce. Kazue ta ce ita ma 'yarta ba za ta rasa aibi ba, su tafi tare.

"Ita ce fuskata ta farko da ta fita ƙofar nan," in ji Tokie. "Bayan ita ban sake kuskuren gira ba, shekara talatin da takwas. Yanzu ka zo ka ce in sake shi da gangan, da wannan hannun." Ta ɗaga hannun muka dube shi tare yana rawa. "Sharaɗi biyu. Na ɗaya, ka je shagon Hosoda a ƙarshen layi ka saya wa jikarka nata sarki da sarauniya. Kowace yarinya da nata. Wannan ta gama ɗaukar kayan Minori, ba za ka ɗora mata na jaririya ba, tsohon marowaci. Na biyu, ka gaya wa 'yarka abin da ka yi da bakinka."

"In ta yi kyau, me ya kawo faɗa?"

"Ni fuska nake gyarawa, Gen-san. Ba na shafa fari a kan ƙarya."

Ke ce, Tokie-san, kika kwance takardar da kika naɗe burusanki a ciki, bayan kin riga kin yi musu ban kwana a zuciyarki. Kwana ashirin da huɗu ne tsakaninmu da bikin, kuma fari ba ya bushewa don an roƙe shi. Kika kankare ɓarnata har ƙasa, kika cike kuncin, kika shafa, kika jira, kika goge. Masuda ya gan ki ta taga. Ya ce kin gano hannunki ya fi natsuwa da sassafe, kafin ki sa komai a ciki, na ɗan lokacin da bai wuce a dafa ƙwai ba. Sai kika ɗinka 'yar jakar wake kika tokare wuyan hannun a kai, kina jan gira a kan ɓawon ƙwai, kowace safiya guda uku. Ya ce ya ƙirga ɓawo sama da arba'in a kwandonki. Ya leƙa ya ce, "Tokie-san, ƙwai kike sayarwa yanzu?" Kika ce masa ya je ya kula da awararsa, tana ƙonewa.

Ran ashirin da takwas ga wata na je. Kan yana kan dami, fari sumul, ido biyu a buɗe, girar dama an gama ta, ta hagu babu.

"Yau hannun ya ƙi," in ji ta. "Jiya ma ya ƙi."

"In gobe ma ya ƙi fa?"

"Sai ka tarbi 'yarka da gira ɗaya da gaskiya. Ya fi gira biyu da ƙarya. Tafi, kana tare mini haske."

Ran ɗaya ga Maris da hantsi ta aiko Masuda ya kira ni. Na same ta zaune, hannunta na dama a cikin na hagu, yana karkarwa fiye da yadda na taɓa gani. Kan yana gabanta. Na duƙa na kai idona daidai tabarma, karo na farko a rayuwata, na kalle shi daga ƙasa. Sai na ga abin da Kazue ta gani. Tana sauraro.

Minori ta iso ran uku da rana, da jaririya a ƙirji, da 'yar jaka ta wuni ɗaya. Na jera tsofaffin a matakala, sababbin na Koharu a gefensu, na sa reshen fure a kwalba, na sayo shinkafa mai tsami da miyar ƙumbar teku don ban iya dafawa ba. Ta kunna wa uwarta turare a gaban hotonta, ta gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabci. Sannan ta durƙusa a gaban matakala, ta kwantar da kanta gefe kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Tana nan yadda take," ta ce a hankali.

A nan ƙofar ƙarya ta buɗe mini wangwame, ba wanda zai taɓa sani. Na tuna ɓawon ƙwai arba'in. Na durƙusa a bayanta na faɗa mata duka: ranar ruwan da na kwashe su, shekara goma sha ɗaya a duhu, tawul ɗin, har da shawarar da na kawo ta soka baƙon kai.

Ba ta juyo ba. "Tokie-san ce ta mayar da girar?"

"Ita ce."

"Kai ka tuna mata?"

"Ni ban ma taɓa lura da ita ba, sai shekaranjiya."

"Ina za ka lura," in ji Minori. "Ai ba ka gida."

Na ce, "Haka ne." Ta share idonta da bayan hannu, ta juyo da jaririyar ta fuskanci matakala. Can ta ce, "Ba zan bar maka su ka sake kashe su ba. Gobe in rana ta fito zan nuna maka yadda ake naɗe fuska, sannan in tafi."

Washegari aka tashi da ruwa. Ranar da ta biyo ma ruwa. 'Yar Kazue ba za ta sa 'yar tsana a akwati ranar danshi ba ko da jirgin ƙasa goma ne suke jiranta. Kwana uku ta yi a gidana. A na biyu ta ce miyar da nake sayowa gishiri ya yi mata yawa, ta shiga kicin. A na uku ta miƙo mini Koharu ta ce in riƙe, kuma in tallafi kan da kyau, wannan ba a zare shi a soka wani. Da rana ta fito, ta kama yatsuna ta nuna mini yadda ake naɗa takarda ba tare da fata ta taɓa farin ba. Kafin ta wuce tasha muka tsaya a ƙofar Tokie. Minori ta rusuna, irin rusunawar da na ce muku na san ta, ta daɗe ba ta ɗago ba. Tokie ta ce, "Ɗago haka, za ki zubar da yarinyar."

Burusan sun tafi kan tudu a ƙarshen watan. Girar nan ita ce ta ƙarshe da ta ja.

Tokie-san, ke ce mai buɗe idon da ba a san wa ya buɗe ba. Fuskokinki suna gidaje dubbai, daga arewa mai ƙanƙara har tsibiran kudu, ni na kai su da hannuna, kuma ba gida ɗaya da ya san sunanki. Kin fara aikinki da kuskure ɗaya, kin rufe shi da wannan kuskuren, kin kuma fi shan wuya a na biyun. Na gode. Kazue ma da tana nan da ta gode, bayan ta gama yi mini faɗa.

Ku kuma masu karatu, wanda yake da sana'a a hannu ya dubi matar nan. Ta yi wa abin da za a ƙone ado, ta ƙi soka baƙon kai inda ba mai ganewa sai yarinya ɗaya. In kuna da ɗa ko 'ya mai haƙurin zama, ku kai su wurin masu aikin da suka rage a layinmu tun suna da sauran hannun koyarwa. In akwai akwati a ƙuryar ma'ajiyarku da kuka daɗe kuna kauce masa, ku sauko da shi. Kuma in kun bi ta bayan tasha da safe, za ku ga labulen gabas a ɗage har yanzu, don shekara hamsin da biyar ba ta sakin mutum rana ɗaya. Ku tsaya ku gaishe ta. Yanzu tana shan shayinta da wuri, da hannu biyu.